Sunan da Amna Ba Ta Kira

Na yi rayuwata ina koyar da tarihi da harshe, na bi dauloli tun daga tashinsu har faɗuwarsu, kuma ga hukuncin da na yanke bayan na ajiye alli: ba a taɓa yin mai mulki a bayan ƙasa da ya kai hatimi iko ba. Ɗan katakon nan nake nufi, mai roba a gindi, wanda ke kwana cikin aljihun tebur tare da guntun goro da tsinken sakace. Sarki yana iya kashe mutum, wannan kowa ya sani. Hatimi kuwa yana iya cewa ba a ma haife ka ba, alhali kana tsaye gabansa kana numfashi. Wannan babi naku ne, 'ya'yana, musamman kai Bashiru, don na san yadda ake ba da labarin shekarar Nafisa idan ba na wurin. Ana cewa taurin kan Baba ne ya kusa kashe auren. Ku ji nawa ɓangaren, sannan ku ci gaba da faɗin abin da kuka ga dama.

Kakana yana da ƙane, Malam Haruna, wanda ya fita ta Ƙofar Rini da ƙafa zai je Makka. Bai kai ba, bai kuma dawo ba. Ya yada zango a Sudan, zangon ya zama gida, ya yi gona, ya hayayyafa. Mu abin da ya rage mana nasa shi ne sunansa, da tsofaffi ke sakawa cikin addu'a. Da yaƙi ya ɓarke a can, wata rana da hantsi masu kabu-kabu biyu suka sauke mata biyu a ƙofar gidanmu, kowace da ƙunshi ɗaya. Babbar ta tsaya a zaure ta jero mini kakanninmu ɗaya bayan ɗaya, har da biyu da ni kaina na manta. Ita ce Amna, jikar Malam Haruna. Hausar bakinta irin ta kakata ce sak, wadda na daina ji a Sakkwato tun ina ɗan makaranta, sai dai an yayyafa mata Larabci. Ƙaramar kuwa ɗiyarta ce ta fari, Nafisa, mace cikakkiya mai hankali, wadda ta yi shekaru tana aiki a kantin magani. Mijin Amna ya daɗe da rasuwa. 'Ya'yanta maza biyu yaƙi ya ci: ɗaya an binne shi, ɗayan har yau ba labari.

Ba su da takardar kowace ƙasa. A can, mahaifin Nafisa ya mutu yana bin ofis-ofis a ba shi shaidar zama ɗan ƙasa, ana ce masa ai ku mutanen Najeriya ne. A nan kuma, da na kai su, aka ce ai waɗannan mutanen Sudan ne. Kowane ɓangare ya yi karamci, ya bar wa ɗan uwansa su. Daga ƙarshe ofishin da ke kula da 'yan gudun hijira ya ɗauki hotonsu da zanen yatsunsu, ya ba su kati mai wa'adi. Muka ba su ɗakin da ke kusa da rijiya, zama ya miƙa.

Abu ɗaya ne ya riƙa ba mu dariya a farkon zaman. Amna ba ta kiran sunan Nafisa. Sai dai ke, ko wagga, ko waccan. In baƙuwa ta tambaye ta ko ɗiyarta ce, sai ta kau da kai ta ce ɗiyar mutane ce. Kunyar ɗan fari ke nan, irin ta mutanen da, wadda suka tafi da ita a ƙunshe suka adana, mu da muka zauna gida muka bari ta sha iska. Innarku ma, da take Basakkwaciya gaba da baya, tana kiran Bashiru, ɗanta na fari, da cikakken sunansa in ranta ya ɓaci. Muna yi wa Amna tsiya, tana murmushi. Ba wanda ya ga haɗari a ciki, har ni da nake alfahari da hangen nesa.

Akwai wanda ke jiran Nafisa. Mu'awiya sunansa, ɗan garinsu, wanda ya riga su fita ya sami izinin zama a wata ƙasar Turai mai sanyi, yana aiki a gidan burodi. Ɗaurin aure irin namu ba abin wahala ba ne: ni ne waliyyi, da shaidu da goro an gama kafin la'asar. Amma ƙasar da yake ba ta san fatiha ba. Sai an ɗaura a ofishinsu, kuma kafin su bar ta ta shiga, suna son takarda daga ƙasarta mai shaida cewa ba ta taɓa aure ba. Ku lura da kyan tsarin. Ana neman shaidar abin da bai faru ba, daga ƙasar da babu ita. Bayan doguwar kai-komo aka samo mafita: uwa ko uba su yi rantsuwa a gaban jami'in ofishin 'yan gudun hijira cewa 'yarsu ce kuma ba ta da aure, ofishin ya buga hatimi, ya kuma ba ta ɗan littafin tafiya a madadin fasfo. Na dawo gida ina murna. Uwa dai muna da ita, ga ta nan tana tankaɗe.

Jami'ar da ta zo daga Abuja mutuniyar kudu ce, mai ladabi, ba ta da mugunta ko kaɗan. Ta tashi a bariki, tana jin Hausa ta ciniki da gaisuwa, don haka ta ce ba ta buƙatar tafinta. Ta zaunar da Amna gabanta, Nafisa a gefe, ni kuma a bayan ƙofa a matsayin mai masauki.

"Baba, kai shiru ne naka," in ji ta. "In ka yi magana, rantsuwa ta lalace."

Na ce to. Ta juya ga Amna.

"Mama, wannan yarinya, mene ne sunanta?"

Amna ta ɗaga kai tana kallon fankar da ke juyi a sama.

"Ita ta san sunanta."

"Mama, ke nake tambaya. Yarinyarki ce? Ke kika haife ta?"

"A'a," in ji Amna, a hankali, cikin ladabin da aka koya mata tun tana ƙarama. "Ɗiyar mutane ta. Ni dai wurina take."

"Yumma!" Nafisa ta yi ƙara, haka take kiran uwarta.

Na buɗe baki, jami'ar ta ɗaga mini hannu ba tare da ta dube ni ba. Na ji ƙarar alƙalami a kan takarda. Na yi shekaru ina koya wa yara cewa jimla tana da ma'anar sarari da ma'anar ciki, ga shi ina zaune ana fassara jimla daidai ana fahimtarta a karkace, kuma an hana ni ɗaga hannu. Ta karanta wa Amna abin da ta rubuta, ta tambaye ta ko haka ta faɗa. Amna ta ce haka ta faɗa. Ta dangwala yatsa. Hatimi ya sauka.

Aka fitar da su, aka bar ni. Muryar jami'ar ba ta canza ba, tambayoyin ne suka canza. 'Yan mata nawa suka taɓa sauka a gidana? Na taɓa ganin wannan Mu'awiya da idona? Wa ya haɗa ni da matar da ta kawo yarinyar? Sai da ta kai tambaya ta uku na gane hoton da take gani. Tsoho mai gida da ɗakin baƙi. Budurwa mara takarda. Wata mata da ta rantse ba ita ta haife ta ba. Ango a Turai wanda ba wanda ya taɓa gani. Safarar mata ke nan, ba ragi. Da ni ke gyara wannan jarrabawa, da na ba ta cikakken maki.

Abin da ya biyo baya shi ne wanda ba kwa faɗi in kuna ba da labarin. Wasu maza biyu cikin farin kaya suka zo gida, suka leƙa ɗakuna, suka tsaya suna kallon rijiya kamar za ta yi musu bayani. Suka je wurin mai unguwa, suka bi maƙwabta. Mutanen da na koyar da 'ya'yansu suka fara gaishe ni daga nesa. Duk motar da ta rage gudu a ƙofar gida sai in miƙe in leƙa. Na koma zuba maganin hawan jinina a aljihun riga ko masallaci zan je, don ban san daga ina za a ɗauke ni ba. Wa'adin katin Nafisa yana ƙaratowa, aka ce ba za a sabunta ba sai an gama bincike. Sannan aka faɗi wadda ta fi kowace muni: tun da matar ba uwarta ba ce, mai yiwuwa a ɗauke yarinyar a kai ta wani gidan tsaro na mata, can nesa, don kare ta daga gare mu. Ranar da ta ji, Nafisa ta same ni a zaure ta durƙusa.

"Baba, in sun ce in koma inda na fito, ina ke nan?"

Na karanta littattafai da yawa. Duk da haka, abin da na iya ce mata kawai shi ne ta tashi ta shiga ciki.

A wannan makon ne ka zo, Bashiru, ranar Juma'a, ka ƙi ko zama.

"Baba, wai mi munka tsaya jira? Mai unguwa abokinka na tun kuna yara. Ka ce ɗiyarka ta, nan Ƙofar Rini anka haihe ta. Shi ba da takarda, mu tahi ƙaramar hukuma, mu yi mata katin ƙasa da fasfo. Kowa haka shika yi."

"Yatsunta suna cikin na'ura," na ce. "Na'ura ba ta san mai unguwa ba."

"Na'urar da ko wuta ba ta samu!"

"To ka ji ɗayar. In ɗora hannu bisa Alƙur'ani in ce na haifi wadda ban haifa ba, don in gyara maganar wadda ta ce ba ta haifi wadda ta haifa ba?"

"To riƙe gaskiyarka, Baba. Ran da sunka zo ɗaukar ta sai ka karanta musu ita."

Ka fita, kwanon tuwonka yana rufe. Ba ka sake cin abincin Juma'a a gidan nan ba har damina ta wuce. Ba zan yi muku ƙaryar waliyantaka ba: tsoron Allah yana ciki, amma tsoron na'ura ma yana ciki, kuma ban auna wanne ya fi nauyi ba. Abin da na sani shi ne mutumin da ake zargi da safarar mata, in aka kama shi ya ƙirƙiro wa yarinya uba da mahaifa, ya gama rubuta wa kansa hukunci, ya rubuta mata. Sai dai sanin haka bai sauƙaƙa komai ba. Wayar Mu'awiya ta fara gajarta. Aka ce uwarsa ta fara ambaton wata yarinya da takardunta suke a kammale. Nafisa tana kawo mini shayi ta ajiye ba ta ɗaga ido, kuma na gwammace da ta zage ni.

Na yi abin da malami ya iya. Na zauna na rubuta doguwar wasiƙa da Turancin da na fi ji da shi, na bayyana kunyar ɗan fari, asalinta da hikimarta. Amsa ta zo gajeriya. Sun gode da ilimin, amma rantsuwa ba ta gyaruwa sai da bakin wanda ya yi ta. Ko an yi gwajin jini, sai Amna ta zo ta faɗi sunan yarinyar, ta ce ita ta haife ta. Na ɗauka an gama ke nan. Kalma ɗaya ce, gaɓa uku. Na bar wa Innarku aikin.

Ina zaune gindin darbejiya da rana, ita da Amna suna madafa suna gyaran gero, ina jin su.

"Amna, sau guda ɗai za ki hwaɗi. Na-fi-sa. Garwashi na da za shi ƙone miki baki?"

Amna ta ci gaba da juya gero a faifai.

"Ni ba ga ni ba? Bashiru, Bashiru, Bashiru. Mi ya same ni? Ƙiba ma nika yi."

"Yaya," in ji Amna, "ukku na haihwa."

"Na sani."

"Biyu ina kiran sunansu safe da marece. Usmanu zo, Ɗahiru tahi, Usmanu ka ci, Ɗahiru ka kwanta. Duk unguwa ta san sunansu daga bakina. Ina suke?"

Ƙarar gero a faifai ta tsaya.

"Wagga ɗai ban taɓa kira ba, ita ɗai anka bar min. Mun wuce shinge bayan shinge, ana sauke ɗiyan mutane, ba a sauke ta ba. Mutuwa ba ta san sunanta ba, Yaya. Ni kuka so in gaya mata?"

Na san amsar wannan a littafi. Na san ajali ba ya jiran a kira suna, kuma da ɗalibi ne ya faɗi haka a aji da na gyara masa. Amma ban tashi daga gindin bishiyar ba. Sai a lokacin na gane cewa abin da muka yi wata da watanni muna yi wa dariya ya daɗe da tashi daga kunya. Katanga ce ta gina, kuma mu muna roƙonta ta rushe ta da hannunta don wata mata daga Abuja ta cike layi.

Ba ni na shawo kanta ba, ba kuma Innarku ba. Nafisa ce, kuma ba da niyya ba. Ta shiga madafar ta tsuguna kusa da uwarta.

"Yumma, bar shi. Na fasa auren. In sun zo su ɗauke ni, ki zauna wurin Baba, ba zai kore ki ba."

Ba ta yi kuka ba, ta ɗauki tulu ta fita. Washegari da safe na tarar da Amna a zaure ta naɗa laffayarta, takalmanta a hannu.

"Malam, kai ni."

Sai da muka jira zuwan jami'ar na gaba, kuma jiran nan ya fi komai tsawo, don kullum ina tsoron masu farin kaya su riga ta. Da ranar ta zo, ɗaki ɗaya ne, fanka ɗaya, kujeru ɗaya. Jami'ar ta maimaita tambayarta. Amna ta juya kujerarta ta fuskanci bango, ta ja laffaya ta rufe fuska, har na ɗauka mun sake faɗuwa. Sai murya ta fito daga cikin mayafin.

"Nafisatu."

"Mama, ƙara faɗa, ban ji ba."

"Nafisatu. Ɗiyata ta. Ni na haihe ta, ranar Laraba, ana ruwa. Ba ta taɓa aure ba. Ki rubuta, ki rufe, kar ki bari kowa shi gani."

Nafisa ta waiga bayanta kamar wata ake kira. Jami'ar ta rubuta, ta ɗan jima tana kallon bayan Amna, sannan ta buga hatimi a hankali, yadda ban san ana iya buga shi ba.

Kuna cewa daga nan komai ya warware. Bai warware ba. A hanyar dawowa Amna ta ƙi yarda Nafisa ta hau kabu-kabu, muka tako da ƙafa cikin rana, tana riƙe da wuyan hannunta kamar 'yar yaye. Ta hana ta zuwa bakin rijiya. Ta hana ta hura wuta. Da zazzaɓin damina ya kama Nafisa, irin wanda kowa ke yi ya tashi, Amna ta daina cin abinci, ta zauna bakin ƙofar ɗakin tana kallona. Ban taɓa jin tsoron sauro irin na wannan makon ba. Nafisa ta warke. Amna ba ta sake faɗin sunan ba, har yau.

Masu farin kaya ba su dawo ba, ba kuma wanda ya zo ya ce mini an wanke ni. Maƙwabta suka dawo da gaisuwa kusa da kaɗan-kaɗan. Bayan wasu watanni takardar shaida ta fito, da ɗan littafin tafiya mai shuɗin bango. Mu'awiya bai auri waccan da uwarsa ke ambato ba. Nafisa ta tafi, aka ɗaura musu aure a ofishin can, mu kuma muka raba goro a nan. Amna tana ɗakin kusa da rijiya, kuma duk sanda waya ta shigo daga can sai ta miƙa wa Innarku ta fara ji, tana karanta fuskarta, kafin ta karɓa.

Wannan shi ne abin da ya faru. Na rasa shekara guda ta barci mai daɗi, na rasa ɗana na tsawon damina, na sa wata baiwar Allah ta faɗi abin da ta fi tsoro a duniya, duk don kada a rubuta wa yarinyar nan mahaifar da ba tata ba. Na tsaya a kan cewa takarda ta faɗi gaskiya, kuma ina so jikokina su san kakansu bai rantse a kan ƙarya ba.

Kwafin littafin tafiyar yana cikin akwatina. A layin wurin haihuwa, mai bugawa ya sa Sakkwato.